Trabant 601: Motar da Jam'iyya Ta Hana Ta Girma

Trabant 601 ita ce motar talakan Jamus ta Gabas a zamanin mulkin kwaminisanci. Kamfanin gwamnati mai suna Sachsenring da ke garin Zwickau ne ya ƙera ta daga 1964 zuwa 1990, kuma a tsawon waɗannan shekaru fasalinta bai sauya ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. An fitar da kimanin miliyan 2.8. Har gobe ana sayar da ita ta hannu a Turai, a Berlin kuma akwai masu bayar da hayarta ga 'yan yawon buɗe ido su zaga gari a jere. Mai niyyar saye ko tuƙawa ya kamata ya san abin da zai tarar.

Injin silinda biyu ne, cc 594, ƙarfin doki 26. Ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi, kuma ba shi da wurin zuba baƙin mai na daban. Wanda ya taɓa amfani da ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ya riga ya fahimci injin Trabant, don aikinsu ɗaya. Ma'aunin shi ne kashi 1 na mai a kashi 50 na fetur, wato lita 20 na fetur ta ci mililita 400. Tsofaffin injuna na kafin tsakiyar shekarun 1970 sun fi buƙata, kashi 1 a 33. In aka rage mai, fistin ya yi zafi ya kama. In aka zarce, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe, mota ta riƙa shaƙewa. Ko da an auna daidai, shuɗin hayaƙin nan ba ya rabuwa da salansarta.

Tankin lita 26 ne, yana gaba, ƙarƙashin bonet, a saman injin. Saboda haka ba a buƙatar famfon tura mai, fetur yana gangarowa da kansa zuwa kafireto. Dabara ce mai rage kayan lalacewa, amma a haɗarin gaba da gaba fetur na zaune kan inji mai zafi, kuma wannan aibi ne babba da ba za a yi masa kwalliya ba. Yawancinsu ba su da agogon mai. Sai an buɗe bonet an tsoma ɗan sandan awo a tanki. A cikin mota, ƙasan dashbod, akwai makunnin mai mai matsayi uku: buɗe, rufe, da ajiya. Kafin a tayar, a buɗe shi, a ja cok in injin ya yi sanyi, a kunna, sannan a mayar da cok a hankali. Idan mota ta fara tari a kan hanya, a juya zuwa ajiya a nemi gidan mai. Idan an faka, a rufe. Masu mantawa su ne ke tarar da fetur ya tsiyaye ta kafireto ya cika injin, da safe ta ƙi tashi.

Wurin da sababbin direbobi suka fi lalata injin shi ne gangara. Tunda man da ke shafa injin yana shiga ne tare da fetur, in aka ɗage ƙafa daga totur aka bar giya tana riƙe mota, injin na juyawa da sauri alhali ba ya samun mai. Injiniyoyin sun san da haka, shi ya sa a giya ta huɗu suka sa na'urar da ke sakin taya ta yi gudunta ba tare da jan injin ba. A sauran giya uku sai direba ya taka kuloci ko ya riƙa taɓa totur kaɗan-kaɗan. Ma'ana, birki ne kaɗai abin dogaro, birkin kuwa na ganga ne a duk tayoyi huɗu, ba shi da mataimaki, sai ƙarfin ƙafa. Sandar giya tana gefen sitiyari, ana turawa ana jawowa, kuma hannu na sabawa da ita da wuri. Gudunta ba ya wuce kilomita 100 da 'yan kai a awa. Abu na ƙarshe a nan shi ne fambel: shi ke juya fankar sanyaya injin da na'urar cajin batir. In jar fitilar caji ta kama ana tafiya, a tsaya nan take, don in ya tsinke injin zai ƙone cikin ɗan lokaci.

Jikin motar ba ƙarfe ba ne. Wani abu ne da ake kira Duroplast, ragowar auduga da ake kawowa daga Tarayyar Soviet a haɗa da ƙaron sinadari a matse da zafi. Ƙarancin falankin ƙarfe ne ya kawo wannan dabara, kuma ta yi aiki: motar ba ta kai kilo 650 ba, fatarta kuma ba ta tsatsa. Sai dai a nan ne mai saye ke ruɗuwa. Ƙarƙashin fatar akwai ƙashin ƙarfe, shi kuwa yana ruɓewa. Mota tana iya sheƙi a waje alhali dandamalinta, da ƙasan ƙofofi, da kewayen tayoyi duk sun cinye. A ɗaga ta a duba da fitila kafin a yi maganar kuɗi.

A ganina, mai duba wannan mota da adalci zai yaba wa waɗanda suka zana ta. Da 'yan sifanu da sukurdireba mutum zai gyara kusan komai a ƙofar gidansa. Laifin tsufanta yana wuyan masu mulki. Jam'iyyar SED, wato jam'iyyar kwaminisanci mai mulkin ƙasar, ita ce ke yanke abin da za a ƙera, da adadinsa, da farashinsa. Injiniyoyin Zwickau sun haɗa sabon samfuri mai suna P603 a shekarun 1960, mai fasalin zamani, shugabannin jam'iyya suka dakatar da aikin a 1968. An sake yunƙuri tare da Škoda, kamfanin motoci na ƙasar Czechoslovakia, a shekarun 1970, shi ma ya mutu. Ba kamfanin da ke gasa da su, ba jaridar da za ta matsa, ba zaɓen da zai kayar da wanda ya yanke hukuncin. Mai ƙorafi sai dai ya rubuta takardar koke ga hukuma ya jira amsa. Ga shi kuma ko me aka ƙera za a saya, don mutum kan yi rajista ya jira shekara goma zuwa sama. Magidanta sukan sa kowane baligi a gida ya yi rajista, har da kaka. Hakan ya sa tsohuwar Trabant ta fi sabuwa tsada, tunda ita yau za ka biya ka tafi da ita. Kayan gyara ma sun yi ƙaranci, mutane suka riƙa saye suna ɓoyewa don musaya, ƙarancin ya ƙara tsanani. Wanda ke da dangi a Jamus ta Yamma kuwa, suna iya biya masa da kuɗin can ta Genex, kamfanin gwamnatin Gabas mai sayar da kaya da kuɗin waje, ya tsallake layi. Manyan jam'iyya su kuma a Volvo ake yawo da su.

Gyare-gyaren da aka yarda da su ƙanana ne: wutar mota ta koma bolt 12 daga 6 a 1983, aka sauya sifirin na baya a 1988. Sai a 1990 aka fito da Trabant 1.1 mai injin Volkswagen Polo, lokacin katangar Berlin ta riga ta faɗi a 9 ga Nuwamba 1989, mutane kuma sun ga motocin Yamma. Masana'antar ta fitar da ta ƙarshe a 30 ga Afrilu 1991.

Ga mai son motar zirga-zirgar yau da kullum, Trabant ba ta dace ba: ƙara, hayaƙi, matsatsi a kujerar baya, da rashin kariya a haɗari. Ga mai son tarihi da aikin hannu, ta cancanci kuɗinta. A nemi samfurin bayan 1983 mai bolt 12, don fitilunsa sun fi haske kuma ya fi saurin tashi a sanyi. A duba ƙashin ƙarfe, a saurari injin ko yana ƙwanƙwasa daga ƙasa, a tambayi ma'aunin man da mai ita ke zubawa. A Jamus motar da ta haura shekara 30 tana iya samun lambar motocin tarihi, wadda ke ba ta damar shiga tsakiyar biranen da aka hana masu hayaƙi. A ajiye fambel ɗaya, fulogi biyu da kwalbar mai a but kafin a kama doguwar hanya.