Agogo mai auna bugun zuciya: abin da ya yi mini da inda ƙarfinsa ya ƙare

Babbar wahalar mai fama da hargitsewar bugun zuciya ita ce ciwon ba ya jiran likita. Yakan taso da tsakar dare, ko kana zaune ba ka yin komai. Sai ƙirji ya kama dukan uku-uku, wani bugun ya zo da gaggawa wani ya makara, numfashi ya yi nauyi. Kafin ka isa asibiti ya lafa. A manna maka wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, takardar ECG, wato zanen lantarkin zuciya, ta fito lafiya lau, a ce ka rage tunani. Haka na daɗe ina fama. Har na'urar Holter aka rataya mini, wadda ke naɗar bugun zuciya na awa 24, amma ranar zuciyar ta yi lamo, ba a ga komai ba. Wannan ya sa na sayi agogon hannu mai gwajin zuciya.

Ba zan tsaya kan sunan kamfani ba, domin manyan agogunan kusan hanya ɗaya suke bi tun da Apple ya fito da nasa mai ECG a 2018. Aiki biyu suke yi, kuma yana da kyau mai saye ya bambance su. Na farko, akwai koren haske a bayan agogon da ke haska fata. Jini na shanye koren haske, don haka duk sanda zuciya ta turo jini, hasken da ke dawowa sai ya ragu. Da haka agogon ke lissafa tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, idan ya ga ta hargitse sau da dama sai ya turo gargaɗi. Na biyu shi ne ECG ɗin kansa: ka zauna, ka ɗora hannu a kan tebur, ka taɓa ƙarfen gefen agogon da yatsan ɗaya hannun, ka jira daƙiƙa 30. A nan ainihin lantarkin zuciya yake aunawa, ya zana shi a waya.

Wannan na biyun ne ya biya ni. Wani dare da abin ya taso, na yi gwajin, hannuna na ɗan rawa, agogon ya rubuta alamun AFib, wato ciwon da ɗakunan zuciya biyu na sama ke kakkarwa maimakon su matsa yadda ya kamata. Na adana zanen na kai wa likita. Bai damu da hukuncin da agogon ya yanke ba, zanen ya buɗe, ya sa yatsu biyu ya faɗaɗa shi. Ya nuna mini tsinayen, wasu sun matsu da juna wasu sun yi nisa, babu tsari. Sannan ya ce, "Malam, ka ga kafin kowane tsini ya kamata a ga wani ɗan tudu. A nan babu shi." Ban san ranar da na ji sanyi a raina irin na wannan rana ba, duk da cewa labarin ciwo ake ba ni. Abin da na daɗe ina kwatantawa da baki, yau ga shi wani ya gani da idonsa.

Amma bai rubuta magani nan take ba, kuma na ga hikimarsa. Sai da aka yi hoton zuciya, aka gwada jini har da na maƙoƙo, aka sake rataya mini na'ura ta kwanaki. Ya tambayi shekaruna, da hawan jini, da ciwon suga, da ko na taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Dalili kuwa, haɗarin AFib ba faɗuwar gaban ba ne. Idan ɗakin sama bai matsa sosai ba, jini kan taru a wani lungu nasa ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Ciwon na ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. Shawarar ba mutum maganin hana daskarewar jini a kan waɗannan tambayoyi take tsayawa, kuma maganin da kansa yana iya jawo zubar jini. Ba abin da agogo zai yanke ba ne.

Gargaɗin koren hasken kuwa, a riƙe shi da hankali. A binciken da Jami'ar Stanford ta yi da Apple, wanda aka wallafa a 2019, mutum sama da 419,000 suka shiga, kuma kusan kashi 0.5 cikin ɗari ne kawai suka samu gargaɗi. Cikin waɗanda aka manna wa na'urar likita daga baya suka dawo da ita, kashi 34 cikin ɗari aka tabbatar suna da AFib. Sauran ba lallai ƙarya agogon ya yi musu ba, tunda ciwon zuwa yake ya tafi. Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren: agogon ba kowane lokaci yake dubawa ba, jefi-jefi yake leƙawa, galibi idan kana zaune shiru. Shirunsa ba shaidar lafiya ba ce.

Haka ma ECG ɗinsa, layi ɗaya ne tak, na asibiti kuwa 12. Kamar mai leƙa ɗaki ta taga ɗaya ne. Ba ya gano toshewar jijiyoyin zuciya, kamfanonin da kansu sun faɗi haka. Don Allah duk wanda ya ji ciwo ya danne masa ƙirji, ko gumi mai sanyi, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu, kada ya tsaya danna agogo. Asibiti kai tsaye.

Ƙananan matsaloli akwai su. Idan maɗaurin ya yi sako-sako, ko fata ta bushe, ko ka motsa, sai ya ce bai iya tantancewa ba. Ƙara matse maɗaurin da ɗan jiƙa fata kan gyara min. Batirin nawa kullum sai ya sha caji, ga shi da dare na fi buƙatarsa, don haka na mayar da cajin lokacin wanka da safe. Akwai kuma jarabar yawan gwaji, wadda ke iya hana mutum sukuni. Likitana ya ce in gwada idan na ji alama kawai, in rubuta lokaci da abin da nake yi sa'ilin, kuma wannan rubutun ya amfane shi ƙwarai.

Wanda ke jin abin yana zuwa yana tafiya an kasa kama shi, ko dattijo mai hawan jini, ina ba shi shawarar ya nemi agogon. Matashi mai ƙoshin lafiya kuwa, damuwa zai fi samu, wasu kamfanonin ma sun ce ba a yi gwajin don 'yan ƙasa da shekara 22 ba. Wanda ba ya son ɗaura agogo yana iya duba KardiaMobile, 'yar ƙaramar na'ura da ake ɗora wa yatsu. Kafin ka saya, ka tabbatar an buɗe manhajar ECG a ƙasar da kake, domin sai hukumomin lafiya sun amince ake kunna ta, sannan ka duba ko agogon yana aiki da irin wayarka.