Mai gyaran ampili na wajen Katako: hannunshi da kyau, amma kar ku biya kuɗin rodaji

Masu jita na Yamai da ke neman inda za su kai ampili, akwai wani dattijo mai ƴar rumfa cikin masu gyaran rediyo da tele wajen kasuwar Katako, shi ya gyara mini nawa kuma walahi ya iya aiki, abu guda ne kawai ban yarda da shi ba.

Ampilin nawa tsoho ne mai lamp, wato kwalaben gilashin nan masu zafi da ke ƙara ƙarfin sauti, okaziyo na saye shi. Ya fara wani gurnani ƙasa-ƙasa ko ban taɓa jita ba, in kuma na daki waya mai kauri sai sautin ya zube ba ƙarfi. Dattijon na jin gurnanin ya ce manyan kondansater, ƴan gwangwanayen da ke ajiye caji suna tace kuran, su ne suka bushe. Da ya buɗe bai sa hannu ba sai da ya sauke cajinsu da rezistans, idonshi na kan miltimetir har lambar ta faɗo, don suna iya riƙe volt sama da 400 ko an cire priz, dan Allah kar wani ya ce zai buɗe nashi a gida. Ya nuna mini guda ɗaya, kanshi ya kumbura, wani farin abu ya tsiyayo ta gindinshi ya bushe a kan plak. Ya sa sabbi na Nichicon masu jure zafi digiri 105, ba masu 85 ba, kuma wannan zaɓin shi ya fi burge ni. Ruwan da ke cikin irin wannan kondansater zafi ke busar da shi, masu ƙera su ma lissafinsu shi ne duk ƙarin zafi 10 yana raba kwanansu biyu, to ga zafin Afrilu da Mayu na garin nan da ke wuce 40, ga kuma wutar lamp a cikin akwati. Sudir ɗinshi tsaf, yana kunnawa gurnani ya ɗauke nan take.

Sai ya ce, ɗana, bar mini shi nan in yi mishi rodaji, sabon kondansater sai ya sha kiɗa awa 100 kafin muryarshi ta buɗe, ka ƙara jika 5. Na ce Baba a yi haƙuri, ina da biki, na ɗauki kayana.

Ba wai ina ganin yaudara yake yi ba, ya yarda da maganar har ranshi, kuma makaɗa da yawa haka suke faɗa. Amma rodaji ai na moto ne, inda fistan ke goga ƙarfe har su saba da juna. Kondansater ba abin da ke gogar wani abu a cikinshi. Ƙananan nan na leda da sauti ke bi ta cikinsu, irin masu lamba 0.022, leda ce da siririn ƙarfe a naɗe, yadda suke ranar farko haka suke bayan wata. Inda maganar Baba ke da tushe shi ne manyan masu ruwa: a jikin aluminiyom ɗinsu akwai wata siririyar fata da kuran ke ginawa, in ampili ya yi shekaru a ajiye ba a kunna ba fatar tana lalacewa, sai a ba shi wuta a hankali, ko a sa ampul a layin, har ta koma daidai. Wannan gaskiya ne kuma yana hana kondansater fashewa, amma aikin mintoci ne zuwa ƴan awowi, kuma na tsohon kaya ne da ya daɗe a ajiye, ba ruwanshi da daɗin sauti.

Na ɗauki sautin ranar da na dawo da shi gida, na sake ɗauka bayan na sha bukukuwa da shi, jita ɗaya, ɗaki ɗaya, maɓallai na sa musu alama da biro, wayar da ke ɗaukar sautin a kan kujera ɗaya. Na kunna wa mai bas ɗinmu ban gaya mishi wanne ne wanne ba, ya kasa rabewa, ni ma haka. Alhali a wurin biki da an tambaye ni sai in rantse ya ƙara daɗi! Kunne ne ke sabawa. Sannan lamp na sake murya in ya ɗumama, sabon bafil takardarshi na yin laushi da kiɗa, kuma ampilin da ka ji a kuran na gida ba shi za ka ji ba in an jona shi a grup da tansiyo ke hawa da sauka.

Abin da zan rage wa dattijon, yana da nawa, in ya ce gobe ka sa jibi, kuma ba ya rubuta takarda, garantin wata 3 da baki ya ba ni. Ku je da safe kafin rumfar ta cika, ku ce ya ba ku tsofaffin da ya cire, ku kuma duba lambar zafin da ke jikin sabbin kafin ya rufe akwatin.