Moscato d'Asti: zaƙin da ba ya jure zafi

Da farko a sani, Moscato d'Asti giya ce, barasarta kan kai kashi 5 zuwa 5.5 cikin ɗari. Zaƙinta kan sa a ɗauka lemo ce, don haka wanda ba ya shan giya ya kiyaye.

Daga tuddan Fiyemonte take fitowa, a arewa maso yammacin Italiya, musamman kewayen garin Canelli, kuma da inabi iri ɗaya tak ake yinta, Moscato Bianco. Ana matse inabin a ajiye ruwan cikin tsananin sanyi, sannan a sa masa yisti a rufaffen tankin ƙarfe. Tun yistin bai cinye sukarin ba sai a sake sanyaya shi a tace. Shi ya sa sukarin da ya rage kan haura giram 100 a lita, kumfar kuma 'yar kaɗan. 'Yar'uwarta Asti Spumante ta fi ta kumfa da barasa, wajen kashi 7, amma a bakina ba ta kai ta laushi ba.

Kwalbar da na gwada ta girbin bara ce. Ƙamshin furen lemo da zuma ne ke fara tarbar hanci, sai ɗan tsami da ke riƙe zaƙin kada ya gundura. Wannan tsamin shi ne ranta, kuma sanyi ne ke fito da shi. A digiri 6 zuwa 8 ta yi daidai. Da kofin ya ɗumama sai kumfar ta mutu, ta koma kamar ruwan sukari. A ba ta awa uku a firji, ko minti 30 cikin bokitin ƙanƙara da ruwa rabi da rabi. Kada a jefa ƙanƙara cikin kofi, salance ta take yi.

Ba giyar ajiya ba ce. A duba shekarar da ke jikin kwalbar, in ta wuce shekara biyu ƙamshin ya fara gudu. Wadda ta sha rana a kanti kuwa launinta kan yi duhu, ta riƙa warin dafaffen 'ya'yan itace.

Da burodin panettone na lokacin Kirsimeti ko kek ɗin hazelnut (wani ɗan itace mai kama da gyaɗa) ake haɗa ta a can Fiyemonte, kuma sun dace. Baƙar cakulan danne ta take yi. In an buɗe, a toshe a mayar firji, kada ta wuce kwana biyu.