Enterprise da Caprica: wanne ne tashar talabijin ta fi yi wa adalci?

Dukansu shirye-shiryen talabijin ne na Amurka masu dogon zango, kuma tarihin baya suke bayarwa: Enterprise ya koma kusan shekara 100 kafin zamanin Kyaftin Kirk, jarumin shirin Star Trek, Caprica kuma shekara 58 kafin labarin shirin Battlestar Galactica. Tashar UPN ta riƙe Enterprise daga 2001 zuwa 2005, har kashi 98, duk da masu kallo na ta raguwa. Caprica kuwa ko shekara bai cika ba. Tashar Syfy ta fara nuna shi a Janairun 2010, ta dakatar da shi a Oktoba, ta janye kashi 5 na ƙarshe. Mutanen Kanada suka riga Amurkawa ganinsu, sai a Janairun 2011 Syfy ta zubo su gaba ɗaya a rana guda. A ganina an yi wa Caprica gaggawa, don sai a waɗannan kashi na ƙarshe ne labarin ya fara zafi.