Kowane manomi da ɗigonsa: abin da na gani a manhajar R

Ni malamin gona ne a wajen Gagarawa ta jihar Jigawa, kuma duk kaka sai na haɗa rahoton amfanin riɗi. Da can jadawalin sanduna nake zanawa, ƙauye ɗaya sanda ɗaya mai nuna matsakaicin amfaninsa. Sandar nan kuwa haɗiye mutane take yi: mai buhu biyu da mai buhu goma duk su narke a cikin matsakaici.

Bana ƙanena mai karatun lissafi ya saka mini R, wata manhajar lissafi da zana jadawali, a kwamfuta. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka faro ta a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, kuma kyauta ce. Da zarar ka sauke ta, ba ruwanka da data, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda sai ka hau tudu kafin sabis ya kama.

Umarnin dotchart na yi amfani da shi. Ka ba shi adadin buhuna, ka sa sunan ƙauye a groups, wato gurbin rukuni, sai ya jera manoma layi-layi ƙarƙashin ƙauyensu, kowa da ɗigonsa. Da wani gurbin nasa mai suna gdata kuma na ɗora matsakaicin kowane ƙauye a samansu. Amma fa ka fara jera lambobin daga ƙarami zuwa babba da umarnin order, in ba haka ba ɗigon zai watse kamar an zubar da gero a tsakar gida.

Na sha wuya a wuri guda. Darasin da na bi tsoho ne, alhali tun fitowar R 4.0.0 a 2020 ba ta mayar da rubutu factor da kanta, wato irin bayanin da take ɗauka a matsayin rukuni-rukuni, wanda shi groups ke bukata. Dare biyu ina fama, batirin sola na ƙarewa, kafin yaron ya ce a waya: "Yaya, ka mayar da sunan ƙauyen factor mana." Layi ɗaya tak.

Wanda bai saba buga umarni ba zai ji jiki a makon farko, kuma in manoma sun wuce hamsin a shafi ɗaya sai sunaye su cushe.

Na buga zanen na kai ƙofar dagaci. Wani dattijo da bai iya boko ba ya sa aka nuna masa nasa ɗigon, can gefen hagu, wajen masu ƙarancin buhuna, shi kaɗai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi na can dama ranar da ya yi shuka.