Maganin ƙwarƙwata na permethrin da matajin ƙarfe, abin da na gani a kan yarana

Salam 'yan uwa iyaye mata, musamman mu na nan Kaduna masu yara a firamare da Islamiyya. Maganin da zan yi magana a kai shi ne wanda ake rubuta permethrin 1% a jikin kwalinsa, ruwa ne mai ɗan kauri da ake shafawa a kai, kamfanoni da yawa suna yinsa shi yasa ba zan kama sunan kowa ba, ku dai duba wannan rubutun a jikin kwalin. Na yi wa yarana mata biyu amfani da shi bayan ƙwarƙwata ta shigo mana gida a zangon da ya wuce, kuma gaskiya yana aiki, amma shi kaɗai ba zai raba ki da ita ba.

A wani famasi na saya a Tudun Wada, mai maganin ya zaunar da ni ya ce Hajiya dan Allah ki saurara da kyau, yawancin masu dawowa su ce bai yi ba ba su bi ƙa'ida bane. Za ki tsefe kitson gaba ɗaya, ki wanke kan da shamfu zalla wanda ba a haɗa shi da kondishona ba domin santsin kondishona yana hana maganin kama gashi, ki tsane da tawul ya rage ɗan damshi, sannan ki shafa tun daga fatar kai har ƙarshen gashi, ki fi ba bayan kunne da ƙeya muhimmanci don nan suka fi taruwa. Minti 10 zai yi sai ki ɗauraye. Ki kula kar ya shiga ido, ni tawul na ba kowacce ta riƙe a fuska.

Wari babu wani mai tayar da hankali, ƙaramar ce kawai ta ce fatar kanta na ɗan yi mata zafi-zafi kuma bai jima ba ya wuce. Bayan an ɗauraye da na sa mataji sai ga su suna faɗowa a kan farin ƙyallen da na shimfiɗa, manyan girmansu kaman ƙwayar riɗi, wasu sun mutu wasu suna motsi da ƙyar. Wallahi ranar tausayin yaran ya kama ni, ashe abin da ke hana su barci kenan, tunda da daddare ƙwarƙwata ta fi yawo a kai.

To ga inda matsalar take. Maganin yana kashe masu rai amma baya kashe duka ƙwan, kuma ƙwan nan a manne yake da gashi dab da fatar kai, ko kin wanke da ruwa baya fita, ba irin amosani bane da za ki kakkaɓe ya zube. Macen ƙwarƙwata tana iya yin ƙwai kusan 6 a rana, ƙwan yana ƙyanƙyashewa a cikin kwana 8 zuwa 9, 'ya'yan kuma cikin sati ɗaya da 'yan kwanaki sun girma sun fara nasu ƙwan, shine dalilin da yasa ake cewa a maimaita maganin a rana ta 9, lokacin waɗanda suka tsira sun fito amma ba su kai ga yin ƙwai ba. In kika yi sau ɗaya kika ga susa ta ragu kika maida yarinya wajen mai kitso aka yarfa mata ƙanana, to kin rufe ƙwan ne a ciki, bayan sati biyu ko uku za ki ga an dawo gidan jiya ki ce maganin jabu ne alhali ba laifinsa bane. Mu tsakanin shafawar farko da ta biyu kalaba manya guda huɗu kawai nake musu yadda zan iya warwarewa in taje.

Abin da ban ji daɗinsa ba guda biyu ne. Kwalbar ƙarama ce sosai, wanda ya auna ta bai yi lissafin irin gashin yaranmu mai cika da tauri ba, babbar ita kaɗai ta kusa shanye kwalba guda, don haka in yaranki masu gashi ne ki yi shirin kuɗin fiye da ɗaya, kuma da tsadar magani ta yanzu abin ba sauƙi. Sai ɗan matajin roba da ke zuwa a cikin kwalin, wannan kam bai da amfani a wajenmu, haƙoran lanƙwashewa suke su bar ƙwan a inda yake.

Matajin ƙarfe mai haƙora a matse shi ne ya yi min aikin gaske, daban na saye shi kuma sai da na sha nema kafin in samu, kemis da yawa ba su ma san shi ba. Ba a taje busasshen kai da shi, yarinya za ta yi kuka gashin kuma ya kakkarye. A ranakun da ba na magani ba, bayan kwana biyu da shafawa, sai in jiƙa gashin in sa mai ya yi santsi, in fara warware shi da babban kum, in raba shi kashi-kashi ƙanana, in ɗora matajin daga tushe in ja har ƙarshe, duk ja ɗaya in goge a farin tishu in duba. Aiki ne mai cin lokaci da ciwon baya, a tsakar gida nake yi da hantsi saboda haske, wanda ya ƙi fita kuma da farce nake zare shi. Duk bayan kwana biyu ko uku ake yi har sati biyu zuwa uku.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Da na faɗa wa wasu maƙwabta halin da muke ciki, shawarar farko da aka bani ita ce in ɗiga fiya-fiya ko Sniper a cikin man kitso in shafa musu in ɗaure da leda su kwana, wata ta ce kananzir, wata ta ce in daka kafur. Dan girman Allah kar ku yi. Sinadarin dichlorvos da ke cikin waɗannan maganin ƙwarin guba ne da ke ratsa fata kuma ana shaƙarsa, balle kan yaro da ya riga ya sosa ya yi ƙuraje, an rasa rayuka ta haka a ƙasar nan, tun 2019 ma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan shaguna. Kananzir kuma yarinya ta matso kusa da risho ko murhu shikenan.

Kuma mu daina jin kunya. Ƙwarƙwata ba ruwanta da tsafta ko ƙazanta, bata tashi sama bata tsalle, rarrafe take daga kai zuwa kai, yara kuma kullum kansu a haɗe a benci ɗaya, ga musayar hijabi da hula da ɗankwali a Islamiyya, ga kum ɗaya da tsinken tsifa ɗaya a gidan kitso. Ni na je na samu malamar ajinsu a keɓe na ce Malama ga abin da ake ciki, a sanar da iyaye ba tare da an kama sunan kowa ba, Allah ya saka mata da alheri ta yi hakan, don in kin yi wa naki magani na kusa da ita ba a yi mata ba wahalar banza kike.

Kayan gida ban wahalar da kaina sosai ba, ƙwarƙwata in ta bar kan mutum bata wuce kwana ɗaya zuwa biyu take mutuwa saboda ba jinin sha. Hijabai da huluna da rigar filo da zanin gado na zuba wa ruwan zafi na shanya a rana na goge, kum-kum na jiƙa a ruwan zafi minti 10, ba feshin ɗaki ba komai. Na duba kan kowa a gidan har nawa, wanda aka ga mai rai a kansa shi kaɗai ake wa magani.

Susa bata tsaya nan take ba, ta ɗan ɗauki kwanaki, wannan ba yana nufin maganin bai yi ba. Amma in kin bi ƙa'ida sau biyu kina ganin masu rai suna gudu da ƙarfinsu, akwai ƙwarƙwatar da permethrin baya ci, ki koma wajen likita ko mai famasi a canza wani, kar ki yi ta ƙarawa. Haka in kan ya yi ƙuraje yana ruwa ko yaron jariri ne, asibiti tukunna.

Ni dai zan sake sayensa in ta kama, da kwalbar kowace yarinya daban, matajin ƙarfen kuma yanzu duk ranar tsifa sai na bi kansu da shi kafin su tafi kitso, da namu kum ɗin a jaka.