Tarwaɗa ko karfasa a ɗan tafkin lambu?

Hajiya, kin ce kin gina ɗan tafkin siminti a lambun gida don sha'awa, kuma ba kya son kifin da zai sa ki sauya ruwa kullum: tarwaɗa za ki zuba ko karfasa? Ni karfasa zan ce miki, amma bari in jera su ki gani.

Tarwaɗa akwai taurin rai. Tana leƙowa sama ta shaƙi iska, saboda haka ko ruwa ya lalace ba ta saurin mutuwa, shi ya sa masu kiwon kasuwa suka riƙe ta. Sai dai akwai ci, kuma abincinta mai tsada ne, mai furotin kusan kashi 40 cikin 100. Duk abin da ta ci, a ruwan nan za ta kasayar da shi, kwana kaɗan wari ya tashi. Babba tana haɗiye ƙarama. In aka yi ruwan dare tafkin ya cika, sai ki wayi gari ki tarar da ita tana jan ciki a tsakar gida. Ga ta baƙa, yawanci a lafe a ƙasa, sai lokacin cin abinci ko shaƙar iska za ki gan ta.

Karfasa kuwa da kanta take kiwo. Gansakukar da ke kama bango da koren da ruwa ke yi, su ne tuwonta. Ɗan abincin kifi mai yawo a saman ruwa ko dusar shinkafa ƙari ne kawai, kuma ko tafiyar mako guda ta kama ki, za ki dawo ki same su lafiya.

Aibinta haihuwa. Tun tana wata 5 ko 6 take farawa, uwar ta riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, kafin ki ankara tafkin ya cika da 'yan mitsi-mitsi da ba sa girma. Ki nemi maza zalla wajen mai sayar da iri, kamar biyu a kowace murabba'in mita. In mace ta ɓuya a ciki, tarwaɗa ɗaya, wadda ba ta fi su girma ba, za ta riƙa rage 'ya'yan.

Karfasa kuma ba ta kai tarwaɗa jure ƙarancin iska ba. In da asuba kika gan su a sama suna buɗe baki, ki tsayar da abinci, ki sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Sanyi ma yana taɓa ta: ruwa ya sauka ƙasa da digiri 17 ta daina ci, wajen 11 ta fara mutuwa. Da hunturu, musamman a wuri irin Jos, zurfin da ya kusa mita ɗaya yana taimakawa, haka ma da zafin bazara. Ki sa ɗan kainuwa don inuwa, amma kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Inda na fi jin tsoro shi ne hannun mai ba da abinci. Sau ɗaya a rana ya isa, daidai abin da za su cinye a minti 5, saura ki kwashe. Ki ja kunnen yara kan zuba guntun tuwo da burodi, don ragowar ita ce ke ruɓewa ta shanye iskar ruwan.

Tunda simintin sabo ne, ki jiƙa shi mako biyu kina zubar da ruwan, saboda kaifinsa yana kashe kifi. Ruwan famfo kuma ki bar shi ya kwana biyu kafin ki sake su ciki.